Kyanwar Inna da Sakiyar Shanu

A shekarun da ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba, ni matashiya ce mai ɗinki a Gusau, ina ɗauke da cikin fari. Innata ta rasu a Tsafe, kuma cikin abin da ta bari har da wata tsohuwar kyanwa wadda takan kwana a ƙafafunta. Tun Inna tana jinya ta ce in riƙe mata ita amana, na ce na riƙe.

Wata rana na lura kyanwar tana numfashi baki buɗe, cikinta ya kumbura, ko tabarma ba ta iya tsallakewa sai ta huta. Maigidana direba ne, ya yi ta tsokanata wai mutane ma ba su gama samun likita ba balle mage, amma dai ya kai mu asibitin dabbobi. Likitan ya ce ciwon zuciya ne, shi ke tara mata ruwa a jiki. Ya ce ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa: ƙwaya guda a raba huɗu a ba ta kullum, ban da gishiri, ban da firgita. Na bi, kumburin ya saɓe, har ta koma bin zaren keken ɗinkina da wasa.

Da haihuwa ta matso aka ce in tafi goyon ciki wurin gwaggona a Tsafe. Gwaggo ba ta shiri da kyanwa, maigida kuma kullum yana hanya, sai muka kai ta Bungudu wurin yayansa, mai kiwon shanu. Na ƙulle ƙwayoyin a leda na yi masa bayani dalla-dalla, shi kuwa yana ta dariya, wai wannan ɗan ɓarɓashin ko kaza ba zai yi wa komai ba.

Bayan na haihu na gama wankan jego muka je ɗaukar kyanwar. Tun daga bakin zaure wani wari ya tare ni. A bayan rumbu na same ta kwance, ƙudaje sun yi mata baƙi. A fatar cikinta akwai ƙuna uku, gashin wurin ya babbake, gyambon ya ruɓe tsutsa na motsi a ciki. Na durƙusa na kira ta. Da ta ji muryata ta yi ƙoƙarin ɗago kai, ta kasa.

Abin da ya fi warin tayar mini da zuciya shi ne bayanin Yaya. Yana zaune yana shan fura yake ba mu labari kamar abin alfahari. Wai da ya ga cikin ya sake kumbura sai ya yi mata yadda suke yi wa saniya: ya ɗura mata ruwan kanwa da gishiri, da bai yi ba ya sa ƙarfe a wuta ya yi mata sakiya, yara biyu na danne da ita. Har kwaikwayon kukanta ya yi, matan gidan na ƙyaƙyatawa. Ledar maganin kuwa tana nan soke a jikin danga, ƙullin da na yi ko kwance shi ba a yi ba. Yayan miji ne, don kunya sai na gode masa da ɗawainiya. Har yau ina ƙyamar bakina saboda wannan godiyar.

Na naɗe ta a tsohon zanena, jariri a baya, muka nufi Gusau. Likitan ya duba ya girgiza kai, ya ce gishiri da kanwa da azabar wuta sun ƙarasa zuciyar da dama da ƙyar take aiki. Kafin ya gama wanke gyambon ta daina numfashi a hannuna.

Abin da na koya shi ne, iya kiwon shanu ba shi ne sanin kowace dabba ba, kuma wanda bai ɗauki ran dabba a bakin komai ba, ba zai ɗauki maganinta da muhimmanci ba. 'Yan uwa, in kuna da dabba mai ciwo, kada kunya ko zumunci su sa ku damƙa ta ga irin wannan mutumin. Ni dai har yau in ana babbakar kan rago da Sallah, ɗaki nake shigewa in rufe ƙofa.