Ranar da Kakata Ta Yi Magana a Zaure

Shekaranjiya na wuce ta Ƙofar 'Yandaka, wani malami yana dama tawada a bakin zaurensa. Ƙamshin ƙaro da baƙin tukunya ya bugi hancina, sai ga kakata a raina, da abin kunyar da ta bar mana gado.

Ka san a unguwarmu ba a kiranmu da sunan gida. Jikokin mai baki ake ce mana. In na je ɗibar ruwa da rani, tsofaffin mata su kyaɓe baki, yara su bi ni da waƙa. Wallahi har addu'a na sha yi ƙasa ta tsage in shige.

Ga abin da ta yi. An sa mata rana da kakana, sai ya bi ayari zuwa Makka a ƙasa. Guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya aikin auduga. Daga can yake aiko wasiƙa da ajami ta hannun alhazai masu dawowa, a naɗe cikin fata. Ita ba ta karatu, kuma wa zai miƙa wa budurwa takarda? Kawunta ke karantawa a zaure gaban iyaye maza, tana laɓe bayan asabari. In an zo amsa sai a aiko a tambaye ta ko tana da saƙo. Ta rufe fuska ta ruga ɗaki, kamar yadda kowace 'yar mutunci za ta yi. A rubuta gaisuwar manya a aika.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Shi kuwa bawan Allah bai taɓa ganin kalmarta ko ɗaya ba. Sai ya rubuto cewa ya fahimci yarinya ba ta so, ya yafe, a ba wani. Iyaye suka ce ya yi dattaku. Kawu ya tsoma alƙalami zai rubuta godiya.

Kawai sai asabari ya ɗaga. Ta shigo ko mayafin kirki babu, gaban ubanta, gaban baƙi.

"Kawu, a ce mashi ina jira."

Ubanta ya yi kwanaki bai fita masallacin unguwa ba. Uwarta ta daina zuwa biki. Amma kawu ya rubuta, kakana kuma ya dawo.

Wata rana tana tsefe mini kai na ce, "Kaka, mi ya kai ki? Kin ja mana zagi." Ta ja kitson har na yi ƙara.

"Ja'ira! Da na yi shiru, da wa za a zaga? Ke ɗin ina za a same ki?"

Sai ta yi ƙasa da murya ta ce har yau in ta tuna fuskar ubanta, gumi take yi.

Yanzu 'yata tana kwance a falo tana hira da saurayinta na ƙasar waje ta waya, suna ganin juna, babu mai ɗaga kai. Ni ce a tsakiya. Na yi boko, na iya riƙe biro, ba na bukatar kawu. Maigidana ya yi shekaru yana aiki a Fatakwal, duk wata sai na rubuta masa: yara suna gaisuwa, hatsi ya kusa ƙarewa, rufin ɗaki yana yoyo. Ina taƙama ni ba mai baki ba ce. Bara ya rasu, bai taɓa ji daga gare ni cewa ina kewarsa ba. Wannan kunyar ta fi waccan ciwo, kuma ba ni da wanda zan aika.