Hutun Sama-da-Ƙasa

A ginin wani kamfanin inshora mai hawa bakwai akwai lifta guda ɗaya, a cikinta kuma akwai 'yar kujera da wani dattijo da kowa ke kira Sama-da-Ƙasa. Aikinsa danna maɓalli. Ya kama aikin tun liftar tana da ƙofar ƙarfe mai naɗewa, wadda sai an ja da ƙarfi, kuma sai wanda ya san hannunta ke iya tsayar da ita daidai da daɓe. Daga baya aka sauya ta da mai rufe kanta, shi kuwa aka bar shi a ciki, kamar an manta.

Mutanen ginin ta takalmansu ya san su, domin daga inda yake zaune su yake fara gani. Kafin mutum ya buɗe baki ya danna masa hawansa. In ya ga takalmin da bai sani ba, sai ya ɗaga kai ya ce, "Ina muka nufa, ranka ya daɗe?"

Dokar kamfanin ita ce, duk wanda ya cika shekara yana aiki yana da hutun mako uku da cikakken albashi, sai dai in ya yi fashi ba izini, ko da na yini ɗaya ne. Wanda ya yi haka hutun shekarar ya wuce shi. Ma'aikata har da zazzaɓi suke rarrafowa don gudun wannan sharaɗi. Sama-da-Ƙasa kuwa, da ba ya makara ba ya ciwo, duk shekara in hutunsa ya matso sai ya zaɓi wata rana ya yi zamansa a gida, bai gaya wa kowa ba. Washegari a ce masa ya rasa hutu, ya ce, "Ayya, Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya koma kujerarsa.

Sabuwar shugabar sashen ma'aikata ce ta fara lura. Wata safiya ta shigo liftar ita kaɗai, da ƙofa ta rufe ta ce, "Baba, wai fashin nan naka ciwo ne ko al'ada?"

"Ƙaddara dai, 'yata."

"Ƙaddarar da ta san watan zuwa? To bana ba za ta same ka ba. An cire wannan sharaɗin. Wanda ya cika shekara ya tafi hutu, ko yana so ko ba ya so."

Liftar ta wuce hawa biyu. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, yini ɗaya ba ya isa hannu ya saba. Mutane za su danna da kansu, su ce yau Baba ba shi da lafiya. Amma mako uku? A mako uku ko akawun hawa na shida, da ba ya ɗaga ido daga wayarsa, zai gane cewa yatsansa ma yana aiki.

"In na tafi wa zai zauna a nan?" ya tambaya.

"Kujerar ma ta huta, Baba."

Hutun ya zo masa kamar baƙon da ba a san abin da yake ci ba. Ya gyara famfon da bai lalace ba. Ya gano cewa rana tana shigowa ɗakinsu da hantsi har kan gado, abin da bai taɓa gani a ranar aiki ba, ya tsaya yana kallo. Matarsa, wadda ke ɗinki a falo, ta haƙura har ta gaji.

"Baban yara, ka tsaya mini a bakin ƙofa kamar za ka kai ni hawa na uku. Fita ka sha iska mana!"

Ya fita, ƙafa kuwa ta kai shi inda ta saba. Bai shiga ba. Ya zauna wurin mai gyaran takalmi a tsallaken titi, inda ake hango tagogin matakalar ginin. In lifta ta gagari mutane, a nan zai ga kawunansu suna hawa suna haki.

"Me kake leƙe, Baba?" in ji mai gyaran. "Ko ka bar budurwa a ciki?"

"Tsohuwa ce, amma ina son in ga ko tana cigiyata."

Har rana ta karkata mai shara kaɗai ya gani a matakalar. Abin ya sosa masa rai, amma ya kuma ba shi mamaki: ashe haka ginin yake daga waje, mutane na shiga suna ɓacewa, ba wanda ya tsaya.

Ranar da ya koma, kujerarsa na nan. Na farkon shigowa akawun hawa na shida ne. Yatsunsu suka haɗu a kan maɓalli. Akawun ya janye nasa da sauri.

"Afuwa, Baba, hannu ne ya saba."

"A'a, danna mana in gani."

Ya danna, lifta ta tashi sumul. Sama-da-Ƙasa ya sauke shi, ya wuce hawa na bakwai, ya bar liftar ba kowa, ya ƙwanƙwasa ofishin shugabar.

"'Yata, gaya mini gaskiya. An gane ko?"

Ta ajiye abin da take yi. "Baba, tun ranar da aka sa sabuwar ƙofa aka gane. Ba wanda ya yi niyyar taɓa ka. Kana nan har ka yi ritaya. Bayanka ne dai ba za a ɗauki wani ba."

Ya daɗe a tsaye yana juya maganar. Shekarun nan duka yana gadin sirrin da har masu shara suka sani.

"To hutun baɗi," ya ce a hankali, "mutum ne ke zaɓar watansa, ko ku ke zaɓa masa?"