Hular Injin Motar Baba

Motar da mahaifinmu ya bari ja ce, gajeriya, mai kujera biyu kacal, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Wani Bature da ya yi aiki a madatsar ruwa ta Goronyo ne ya bar masa ita da zai koma gida, don Baba ne direbansa. A ƙauyenmu, can gefen gulbi tsakanin Wurno da Goronyo, ba wanda ya ga amfaninta. Ba ta ɗaukar buhun albasa, ba ta kai mata biki, in ta faɗa rami sai an taru an cicciɓo ta. Ni dai ina son ta, kuma saboda ita na koyi kanikanci.

Injinta a baya yake, kuma ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ta. Akwai fanka, akwai wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji wanda baƙin mai ke ratsawa ya huce, sai kuma wani lanƙwasasshen kwano da ke rufe ƙarfen, yana tattaro iskar fanka yana cusa ta cikin haƙoran. Kwanon nan nake ce wa hula. In babu ita iskar watsewa take yi, man ya tafasa, inji ya buga.

Yayana ne ya cire ta. A wajenmu in mota ta yi zafi, abin da ake fara yi shi ne a kwance duk wani murfi, wai ta sha iska. Yaya manomi ne, amma babu sana'ar da ba ya ganin ya fi masu ita iyawa. Ina Sakkwato wajen aiki ya kwance hular, ya ce ai ko mutum in bazara ta yi cire hula yake. Ya ɗauki hanyar Rabah yana ɗaga wa mutane hannu, bai kai ba injin ya buga, sai da shanu aka jawo su gida shi da ita. Da na dawo na tarar da hular a tsakar gida, matarsa tana zuba wa agwagi dusa a ciki. Ranar ya jefe ni da kujerar tsugunno, ni kuma na fasa masa leɓe. Daga nan gaisuwarmu ta koma ta ɗaga kai.

Rani guda na yi ina haɗa injin nan, yau in samo wannan, gobe in ƙera wancan. Na ƙwato hular daga agwagi, na bubbuge ta ta miƙe, na yanko tsohon tiyub na liƙa a bakinta don kada iska ta zurare. Ranar da nake ba da labarinta ana tsakiyar cirar albasa. Da hantsi na tada motar a ƙofar gida don in ji muryar injin, na bar ta tana aiki har ta yi zafi sosai, sannan na kashe. Niyyata ta huce in ɗaura hular, aiki ya ƙare.

Sai na ji ƙara daga fadama. Na ɗauka salansar babur ce, har sai da ta zo a jere, mata suka fara kururuwa. Ban yi wata jarumta ba, bayan katanga na kwanta kamar kowa, fuskata cikin ƙasa. Ina jin baburan 'yan bindigar, ina jin kukan shanu ana kora su, ina jin wani yana roƙo har muryarsa ta yanke. Da suka tafi, shirun da ya biyo baya ya fi harbin ban tsoro.

A kan asabarin shanya albasa aka kawo Yaya. Ya hana su shanun nomansa, suka fasa masa goshi da gindin bindiga, suka harbe shi a cinya, can sama kusa da mara. An ɗaure wurin da rawani, amma rawanin ya jiƙe yana ɗiga. Motar haya ɗaya da ke garin sun ƙone ta, babura sun kwashe, waya kuma ba ta shiga. Asibiti sai Wurno. Kowa ya juyo yana kallon jar motar da suka shekara suna yi wa dariya.

Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya damƙi wuyan rigata.

"Tada ta. Mi kaka jira?"

Na ce masa sai na sa hular. Na ce in ban sa ba, da wannan rana ba za mu yi nisa ba injin zai buga a tsakiyar daji, ga mutanen nan ba su gama fita yankin ba. Bai bari na ƙarasa ba ya kwaɗa mini mari har kunnena ya ɗauki ƙara. Ban rama ba, ban kuma tsaya ba, na ɗauki hular na durƙusa a bayan mota.

Wurinta matsattse ne, sai an karkata ta an zura ta bayan fanka kafin ramukanta su hau kan kusoshinsu. Injin bai huce ba. Da na cusa hannu, fatar damtsena ta manne da ƙarfe, na ji ƙaurin kaina. Bakin kwanon ya tsaga mini tafin hannu, jinina ya haɗu da baƙin mai, sifana tana ta suɓucewa. Ina ɗaure notin farko sandar Baffa ta sauka a gadon bayana. Ya sake, ya sake, yana cewa ɗan'uwana na mutuwa ni ina wasa da gwangwani. Wani ya ja ni ta ƙafa, na haure shi a ƙirji ban ko duba wane ne ba.

Duk wannan bai yi mini ciwo ba kamar maganar matar Yaya. Tana riƙe da kan mijinta, ta ce da gangan nake yi, fansar faɗanmu nake ɗauka. Na ji kamar in tashi in watsar da komai in tada motar haka nan, in ta buga kowa ya gani da idonsa. Wallahi na tsane su duka a lokacin nan, kuma ina jin tsoro kamar zan yi fitsari a wando.

Noti na ƙarshe ba a ganin wurinsa, da lalube ake sa shi. Ya kuɓuce ya faɗa cikin rairayi. Ina rarrafe ina tona ƙasa da yatsu, Baffa ya ɗaga sanda zai sauke mini a kai, sai muka ji muryar Yaya, ƙasa-ƙasa.

"Baffa, ƙyale shi. Ni nac cire ta, na ga abin da ta yi. Ku bar shi shi gama."

Sandar ba ta sauko ba. Na samo notin, na ɗaure, na girgiza hular na ji ta zauna daram. Muka naɗe Yaya muka cusa shi a kujerar gefe, gwiwarsa tana tokare da gaba. Babu wurin mutum na uku, don haka babu mai danne masa ciwon. Na ɗora hannunsa a kan rawanin na ce ya danna da duk ƙarfinsa.

Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Cikin motar yana bugun ƙasa, duwatsu suna tartsatsi, ban ɗaga ƙafa ba. Muka wuce wani maƙwabcinmu kwance a bakin hanya, takalminsa ɗaya a can gefe, ban tsaya ba. Jinin Yaya ya taru a ƙasan motar ya gangaro wajena, ƙafata tana santsi a kan totur. Ina baza hanci ko zan ji ƙaurin mai, ban ji ba. Injin yana ta aikinsa lafiya lau cikin wannan rana, abin har ya ba ni haushi.

Da muka hau kwalta ya buɗe ido ya ce ashe haka take gudu, shi da ya tuƙa ta bai sani ba. Na ce ai jaki ma in an ba shi sai ya lalata. Ya yi 'yar dariya. Can kuma na ga hannunsa ya zame daga kan rawanin. Na mayar, ya sake zamewa. Na riƙe sitiyari da hannu ɗaya ina danne cinyar da ɗayan, ina zaginsa, ina naushinsa da gwiwar hannu, ina ce masa in ya isa ya tashi mu ƙarasa faɗanmu. Ina kuka ina faɗin haka har muka shiga Wurno.

A ƙofar asibiti wata ma'aikaciya ta rugo, ta sa yatsu a wuyansa, ta daɗe. Sannan ta dubi damtsena da ya saɓule ta ce in zo a wanke mini. A nan na gane.

Baffa bai ƙara yi mini magana ba sai gaisuwar masallaci. Matar Yaya kuwa sai da ta fita takaba ta same ni a zaure, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Tambaya ɗaya ni ka yi maka, ka hwaɗi mani gaskiya. Da ba ka tsaya ba, da ya kai da rai?"

Na ce mata da ban tsaya ba da ba mu kai ba sam, da a daji zai cika.

"Ba shi nat tambaye ka ba."

Na ce ban sani ba. Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafinta, ta koma ciki wajen 'ya'yanta.