Harshen Baƙar Algaita

Ranar wata Laraba cikin marka, a daminar da ta biyo bayan farin nan da ya ƙone mana gero, na fara taka birnin Kano, kuma abin da ƙafata ta fara shiga kwata ce. Ina saukowa daga mota santsi ya kwashe ni, ƙafar dama ta nutse har ƙauri cikin wani baƙin ruwa mai kauri da ke tafe da hanjin kaji da ruɓaɓɓen tumatir. Ban dai saki akwatin da na rungume a ƙirji ba. Baffa Ɗanjuma, ƙanen mahaifina, akwatin ya fara dubawa, sannan ya dubi ƙafata, ya tare ɗan garuwa aka zuba mini ruwa. Warin silifas ɗina ya tafi ke nan, sai na yar da ɗayan na bi Baffa ƙafa ba takalmi.

Abin da ke cikin akwatin sunansa kilarinet, amma a ƙauyenmu da ke kusa da Kunci kowa baƙar algaita yake ce mata. Baffa ya yi shekaru yana busa ta a badujala, da aka rage ma'aikata ya dawo gida da ita, don tasa ce ta kansa. Ni kaɗai ya ga ina da numfashi a cikin yaran gidanmu. Idan na dawo daga makaranta na yanko wa awaki ciyawa, na cika wa Inna randa, sa'o'ina su tafi langa, ni kuwa in nufi gindin tsamiyar bayan gida. Ba na taɓa ta sai na wanke hannu na kurkure baki kamar mai alwala. "Abin da zai shiga baki a mutunta shi," haka yake cewa kullum. A bakinta akwai wani siririn kara da ake ɗaurawa, shi ke kaɗawa ya ba da murya. Baffa harshe yake kiransa.

A shekarar nan rumbunmu ya ƙare tun bazara. Muka koma kwaɗon tafasa da tuwon dusa, aka sayar da awakin da nake wa ciyawa ɗaya bayan ɗaya, ƙannena suka daina wasa a tsakar gida, sai kwanciya a zaure. Baffa kuma tari ya kama shi, ko aya ɗaya ba ya iya ja a salla bai tsaya ba. Ana haka wani dillali ya aiko cewa akwai mai otal a Kano da ke son algaitar, amma sai ya ji muryarta. Harshe na ƙarshe ya riga ya tsage. Baffa ya fere na gora, ya gwada na karan dawa, duk sai kukan agwagwa. Shi ya sa muka taho, shi ya nemo harshe, ni in busa.

Kantin da ya sani tun yana aiki mun tarar ya koma wurin sayar da batir. Daga nan aka yi ta wasa da hankalinmu. Mai gyaran rediyo ya tura mu wajen masu sayar da kayan coci a Sabon Gari, su kuma suka ce kaya sun daina shigowa daga waje, mu gwada cikin birni. Maƙerin algaitar da muka samu a can ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya kira maƙwabtansa su zo su ga sarewa mai maɓallai kamar rigar soja. Wani ma ya kai ta bakinsa, Baffa ya karɓe da sauri. Ko'ina muka bi taɓo ne da ƙudaje, ga bola ta jiƙe tana tururi a bakin hanya, mutane na cin abinci dab da ita. Ni da na saba da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar gona, duk yinin nan da hannun riga na toshe hanci.

Wajen la'asar wani mai ganga ya kwatanta mana wani lungu. Ɗaki ne a bayan gidan giya, ƙofarsa na kallon wurin da mashaya ke fitsari. Mutumin ciki tsohon mabushi ne, idanu jajur, haƙora sun rine da taba. Ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin gado ya zazzage a kan tabarma. Harsuna ne, amma duk an ci moriyarsu. Waɗansu sun yi baƙi, waɗansu sun yi fumfuna, akwai mai sawun haƙori. Ya tsinci ɗaya, ya sa a bakinsa ya tsotsa don ya yi laushi, ya zaro shi da yawun goro yana nashe-nashe, ya ɗaura a kan algaitar ya miƙo mini.

Na dubi Baffa, ina jiran ya fizge kayansa mu fita. Shi da ko moɗa ba ya shan ruwa da ita sai ya ɗauraye. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.

"Habu," ya ce a hankali, "daure ka gwada. Ka san abin da muka baro a gida."

Na sa a baki. Ɗacin taba da tsamin giyar wani suka cika mini harshe, hawaye suka kawo. Amma muryar ta fita, tas, kamar a gindin tsamiya. Muna fitowa na durƙusa a jikin bango na amayar da ɗan kunun da na sha da safe. Baffa ya riƙe mini goshi.

Mai otal ɗin mun same shi yana cin kaza. Na goge harshen da gefen rigata har ya kusa karyewa, na rufe ido na fara taken da Baffa ya fi so. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu mai maiƙo.

"Ya isa, yaro. Ni dama so nake in tabbatar ba ta roba ba ce. A bango za a rataye ta, baƙi su riƙa gani."

Da hannun nan ya karɓe ta. Na ga sawun yatsunsa a kan maɓallan da Baffa ke gogewa da farin ƙyalle. Ya ce mu riƙe akwatin, ba shi da amfani da shi. A nan ne na gane ƙyamar da na yini da ita ba a bakin komai take ba.

Washegari muka koma da buhun masara a bayan a-kori-kura. Inna ta yi tuwo, ƙannena suka ci har suka yi faɗa a kan ƙanzo, ni kuwa sai da na yi kwanaki komai na sa a baki taba nake ji. Baffa bai ga girbin shekarar da ta biyo ba.

Yanzu a Kanon nake zaune. Kwanan baya ɗana ya nuna mini a waya cewa ana sayar da harsunan sababbi, kowanne a rufe cikin gidansa, a kawo maka har ƙofa. Ya tambaye ni ko ina so ya saya mini algaitar ma. Na tsaya ina kallon hotonta, na ji yatsuna na motsi a kan gwiwata, ashe ba su manta ba. Na ce masa ya bari. Algaita ana samu, wanda zai saurara ya gyara mini ne babu.