Anti Tela a Bidiyo

A ajinsu na kwalejin horar da malamai, Anti Tela suke kiranta, don a shekaru ta haifi wasu daga cikinsu, kuma ɗinki ta yi shekara da shekaru kafin ta koma karatu. Da ɗinkin ta raini 'ya'yanta. Burinta bai wuce ta koyar da 'yan aji ɗaya ba, waɗanda har yanzu ba su iya ɗaure igiyar takalmi ba.

Na'ura ba ta ba ta wuya ba. Wadda ta saba kwance keken ɗinki ta mayar, majigi ne zai gagare ta? Ita ce ma ke jona wa 'yan matan ajin wayoyinsa in sun rikice.

Sai malaminsu ya ce kowa ya kafa wayar hannunsa a ajin yaran da ake kai su gwajin koyarwa, ya ɗauki kansa bidiyo yana koyarwa, ya je gida ya kalla. Ta kafa, ta koyar, ta dawo da murnarta. Bayan la'asar ta jingina wayar a jikin keke ta kunna.

Wata mata ta gani, kai a sunkuye, leɓe a matse, magana na fita ta gefen baki kamar ana mata dole. Yaran sun yi tsit, babu mai ɗaga hannu. Ita kuwa a ranar, wallahi, cewa ta yi ladabi ne da su. Ashe tsoro ne.

Ta kira babbar 'yarta daga kicin.

"Zo ki duba min, wayar nan ta ɓata min fuska."

Yarinyar ta kalla, ta goge hannu a zani.

"Ai haka kike, Umma. Kullum da fil a bakinki kina ɗinki, da shi kike mana magana. Ko kin cire, bakin ya riga ya saba." Ta ɗan yi dariya. "Da muna ƙanana, mun ɗauka fushi kike da mu. Shi ya sa ba ma zuwa kusa da keke."

Wannan maganar ta fi bidiyon ciwo. Ta ɗauka hankali ne ya sa ba sa damunta in tana aiki, har yabonsu take wa maƙwabta. Yanzu ga 'ya'yan mutane za a ba ta, su ma su zauna nesa da ita?

Ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta kwashe fil ɗin ta zuba a gwangwani, ta juya kyamarar wayar tana kallonta. Kullum da yamma sai ta ɗaga kai, ta buɗe baki, ta karanta baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, ta kalla, ta goge, ta sake. Har muƙamuƙinta ya yi tsami.

Wata rana ta ce a kira mata auta, tana son ɗaliba ta gaske. Autar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, inda ta saba tsayawa. Anti Tela ta fara darasi, ta yi kuskure, ta fashe da dariyar kanta.

Yarinyar ta matso a hankali har ta dafa keken, tana leƙen fuskarta.

"Umma," ta ce, "ashe kina da wushirya irin tawa."