Kofur Sama'ila da Bindigar Surukinsa

Duk wanda ya taɓa kai keken ɗinki gyara a Boɗinga ya san Kofur Sama'ila. Shi ne siririn dattijon nan mai rumfa a bayan masu yadi, wanda tun ba ku gama gaisawa ba zai fara yi maka faɗa. Laifinka kuwa kullum ɗaya ne, ka cika wa keke mai. Zai lakato shi da yatsa ya kai maka har hanci, ya tambaye ka ko miya kake dafawa a ciki. Teloli suna kiransa Maƙiyin Mai a bayan idonsa, amma kowa wurinsa yake komawa, don keken da ya bi ta hannunsa sai ya shekara bai yi tari ba.

Shekara ashirin da biyu ya yi a soja, kusan duk a ma'ajiyar makamai. In samari suka matsa masa ya ba su labarin yaƙi, sai ya ce shi yaƙinsa da tsatsa ya yi shi. Akwai dai labari ɗaya da ba ya bayarwa.

Yana sabon shiga, aka kawo akwatunan bindigogi daga ajiya, kowace an dulmuya ta cikin giris mai kauri don kada ta yi tsatsa. Aka ba shi goma sha biyu ya wanke. Ya wanke sha ɗaya ciki da waje. Ta ƙarshen kuwa, motar da za ta kai shi gida hutun Sallah tana shirin tashi, sai ya goge bayanta ta yi ƙyalli ya jingine. Wannan bindigar ce ta faɗa hannun abokinsa Muhammad Sani, mutumin Dingyaɗi, wanda suka shiga soja rana ɗaya. A filin koyon harbi ta tarwatse masa a fuska, idonsa na dama ya tafi.

Muhammad Sani ya san wanda ya wanke ta. Da aka zo bincike ya ce shi bai san komai ba sai ƙaddara. Wannan rufin asirin ne ya bar Sama'ila a bakin aikinsa har ya kai ga fansho, shi ne kuma ya hana shi sakewa shekara talatin da wani abu. Ranar da ya ajiye kaki ya yi alkawari tsakaninsa da ransa ba zai ƙara taɓa bindiga ba. Duk Juma'ar farkon wata yakan hau babur ya kai wa Muhammad Sani goro a Dingyaɗi. Su yi hirar gero da ciwon gwiwa, ba mai tayar da tsohon zance. Kullum kuma ta ɓangaren mataccen idon yake zama, don mai ran ya fi ƙarfinsa.

'Yarsa ta fari, Ummukulsum, tana aure a Kajiji. Da yake 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Mijinta Khalid manomi ne, ɗan maharbi, mai ladabi da ɗan rawar kai kaɗan. Shekara shida da auren, Kofur bai taɓa taka ƙofar gidansu ba, don me zai kai suruki gidan surukinsa? Da satar shanu ta yi yawa a yankin, Khalid ya shiga 'yan sintirin da hukuma ta yi wa rajista, har ya zama shugabansu.

Wata Laraba da hantsi Kofur yana kwance wani keke, wayarsa ta yi ƙara. Ummukulsum ce.

"Baba, ina kwana. Don Allah mi ka hidda giris ga tuhwa? Na wanke rigarshi har sau ukku, ya ƙi hita."

"Giris na mi?"

"Na bindigar da anka ba su, tsohuwa ta soja. Baba, ka gan ta kuwa! Jiya ya wuni shina gogarta. Yau bayan la'asar za shi harba ta gaban hakimi, a gwada."

Kofur ya ajiye sukundireba. "Ya wanke cikinta?"

"Ya ce na ciki ba a taɓa shi. Wai babanshi ma man shanu shika shahwa ma tashi, mai shi ka sa harsashi shi zame."

"Ummukulsum!"

Tunda ta zo duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba.

"Kada ki bari shi hita da ita. Ko ƙohwa za ki tare, ki tare. Ga ni nan tahe."

Rumfar ma bai rufe ba. Maƙwabcinsa ya ce bai taɓa sanin tsohon babur ɗin nan yana da irin wannan gudu ba. Ya wuce Shagari ko waiwayen masu ɗaga masa hannu bai yi ba, ya sauka titi ya kama hanyar ƙasa. Tsoro yake ji, irin wanda ya manta da ɗanɗanonsa. A hanya ya tuna da alkawarinsa, ya ce alkawarin ya yi haƙuri.

Da Khalid ya fito zaure ya ga wanda ke sallama, sai da ya kusa tuntuɓe. Ya tuɓe takalma ya durƙusa.

"Baba, lahiya dai? Da ka aiko ai da na zo."

Kofur ya zo da faɗa cike da bakinsa, amma da ya ga yaron a ƙasa sai ya haɗiye. Ba a kunyata mutum a zaurensa, balle mijin 'yarka.

"Lahiya lau. Tsohon soja na ni, na ji an kawo muku tsohuwar abokiyar aikina, na ce bari in zo mu gaisa."

Khalid ya kawo bindigar cikin alfahari, a naɗe da sabon mayafi. Gaskiya ta gogu, tana ta sheƙi kamar kwanon amarya. Kofur ya karɓa, hannunsa ya tuna aikinsa. Ya tabbatar ba harsashi a ciki, ya zare ƙarfen da ake ja a ɗana ta, ya ɗaga bakinta sama ya leƙa ta baya. Ya daɗe a haka. Sai ya miƙa wa Khalid.

"Leƙa. Mi kag gani?"

"Ban ga komi ba, Baba. Duhu na."

"To, inda haske bai wuce ba, harsashi ba shi wucewa. In ya rasa hanya gaba, baya shika dawowa. Kuma mi ad da baya? Idonka."

Khalid ya sauke bindigar a hankali. Ya buɗe baki zai kawo zancen man shanun babansa, Kofur ya riga shi.

"Babanka, Allah shi jiƙan shi, bayan bindigarshi shika shahwawa, kuma tashi ta maƙera ta. Wagga kuwa giris ɗin da ke cikinta ya girme ka."

Daga nan aiki ya kankama. Kofur ya naɗe hannun riga, ya sa aka kawo kananzir da tsohon zane da fallen kwano. Ya raba bindigar gida-gida. Katakon ya shimfiɗa a kan kwanon ya bar wa rana, ai kuwa ba a jima ba ya fara zufar mai, ana gogewa yana ƙara fitowa. Ummukulsum ta ɗora tukunya tana kawo tafasasshen ruwa, kanta a sunkuye, tana satar kallon ubanta a tsakar gidanta. Ƙananan ƙarafan aka jiƙa a kananzir. Bututun kuwa aka yi ta ɗura masa ruwan zafi, ana bi da siririn ƙarfe da tsumma. Kofur bai yarda ya yi shi kaɗai ba, sai da ya sa Khalid ya maimaita komai da hannunsa, yana yi yana shan faɗa kamar tela.

Can sai dunƙulen giris ya faɗo daga bututun a kan tabarma, baƙi, a daskare kamar daddawa, tsawon ɗan yatsa. Khalid ya dube shi, ya kai hannu ya shafa fuskarsa.

Aka yi la'asar ba su gama ba. Aka aiko cewa hakimi yana jira.

"A ce mishi ranshi shi daɗe, shi ƙara haƙuri," in ji Kofur. "Gara a ce sun makara da a ce sannu da jinya."

Sai da tsumma ya shiga fari ya fito fari, sai da Khalid ya leƙa ya ga sararin sama zagaye tas a ƙarshen bututun, sannan Kofur ya yarda aka haɗa ta. A bayan gari aka tsaya, jama'a suka ja baya, Khalid ya auna wani suri. Bindiga ta tashi, ƙura ta tashi a jikin surin, aka ɗauki sowa. Kofur ko surin bai kalla ba. Jira yake yaron ya juyo. Da ya juyo yana dariya, Kofur ya ƙirga idanunsa, biyu cif, ya ce alhamdu lillahi har sau nawa bai sani ba.

Ran nan dai kunya ta sha kashi, don sai da ya sha furar gidan surukinsa. Ummukulsum ta rako shi zaure tana share hawaye, ta ce Allah shi saka da alheri. Shi kuwa ya koma "ke" ɗinsa, ya gaya mata ta jiƙa rigar a kananzir kafin ta sa sabulu.

Juma'ar da ta biyo ba ta farkon wata ba ce, amma ya tafi Dingyaɗi. Ya tarar da Muhammad Sani a gindin darbejiya yana ɓare gyaɗa. Ya zagaya ya zauna ta ɓangaren ido mai rai. Bayan goro, ya kwance wani ƙullin tsumma ya ajiye baƙin dunƙulen a tafin abokinsa, ya ba shi labarin Kajiji. Daga nan bakinsa ya wuce inda bai taɓa zuwa ba, ya faɗi zancen motar Sallah da bindiga ta goma sha biyu.

"Na sani tun ran nan," in ji Muhammad Sani. "Kuma na yahe tun ran nan. Kai na kaƙ ƙi karɓa."

"Na karɓa yau. Na gode, Sani. Shekara talatin ina son in hwaɗi."

Muhammad Sani ya juya dunƙulen a hannunsa, ya kawo shi kusa da idonsa ɗaya.

"Yaron, duka biyun suna nan?"

"Suna nan."

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe nawa bai tahi banza ba."