Muryar Baba Majalisa a Maƙogwarona

Kafin in zama abin da na zama, ni ɗan acaɓa ne a Keffi. Ba yabon kai ba, daga shataletale har Garaku babu wanda ya kai ni iya kwaikwayon murya. In na yi kukan akuya, bunsuru sai ya tsinke igiya. In na yi muryar matar maƙwabcinmu, mijin sai ya jefa sigarinsa a kwata. Shi ya sa 'yan tasha suka sa min suna Kaset. Sunana na yanka ku bar shi ya huta, ya sha isasshiyar kunya a kotu.

Ku samari nake wa wannan labari, musamman masu baiwar ba mutane dariya. Ku matso.

Wanda ba ɗan nan ba zai tambaya wane ne Baba Majalisa. Shi ne wakilinmu a Majalisar Tarayya. Ya daɗe a kujerar nan har muna cewa da ƙugunsa kafinta ya auna ta. Tun ina goye ake liƙa fostarsa, na yi gemu ana liƙa ta, hoton bai taɓa tsufa ba, hular ce kawai ke sauya launi in ya sauya jam'iyya. Asalinsa hedimasta ne. Ya koyar da rabin garin, ya zane ɗaya rabin. Kuma ba waliyyi ba ne, kar in yi muku ƙarya, na daina. Hanyar unguwarmu tun ina rarrafe ya yi alkawarin zuba mata kwalta, har yau in aka yi ruwa agwagi ne ke taron siyasa a kanta.

Amma yana da abu ɗaya da ya hana kowa kayar da shi. Waya da safe.

Da an idar da sallar asuba zai zauna da kofin shayinsa, ya ɗauki waya da hannunsa, ba sakatare ba, ya yi ta kiran mutane. Wanda aka yi wa rasuwa, wadda ta haihu, wanda ɗansa ya ci jarrabawa, wanda gobara ta taɓa shagonsa. Liman ko fasto, bai ware ba. Har Gwandaranci yakan jefa, gurgu-gurgu, a yi ta dariya. Zai fara da ɗan tarin nan nasa, sannan ya ce, "Ni ne, bawanku. Na tashe ka?" Mutum a Panda sai ya yi mako yana ba da labari, har ya gunduri matarsa. Abokan hamayya sun raba shinkafa, sun raba atamfa, sun raba babura. Shi ya riƙe waya, ya yi ta wuce su. Kuma da yake layukan wayarsa sun fi yatsunsa yawa, ba wanda ke duba lamba. Tarin ake saurare.

Ku riƙe wannan, nan ne Shaiɗan ya ajiye min kujera.

Wata rana lokacin kamfen na hau benci a tasha ina yin Baba, ina yi wa 'yan acaɓa alkawarin gada a inda babu kogi. Sai na ga dariya ta ɗauke ɗif kamar wutar lantarki. Na waiga, ga shi tsaye a bayana. Na fara salati a zuci. Shi kuwa dariya ya yi har hularsa ta faɗi.

"Kai ɗan banza," ya ce, "to gobe kai za ka tafi Abuja, ni ka ba ni makullin babur."

Na ce, "Ranka ya daɗe, babur ɗin ba ya tashi sai an tura."

Ya ce, "Majalisar ma haka take."

Daga ranar, duk lokacin da ya dawo gida sai ya ce, "Ina Kaset? Zo ka yi min ni." In tsaya a ƙofar gidansa gaban baƙi in yi ta yi. Da halinsa na malami har gyara yake min. "Tarin ya yi sauri, ja shi kaɗan. Ni ba haka nake furta kalmar jama'a ba, sake." Da bakinsa ya goge min kayan aikin da na cuce shi da su.

Ranar da mahaifiyata ta rasu, da sassafe wayata ta yi ƙara. Na ji tarin. Ya ce, "Kaset, ni ne, bawanku. Yau ba wasa. Ka yi haƙuri, uwa ba ta da canji. Ka ci abinci?" Ban ci ba, kuma duk cikin masu ta'aziyya shi kaɗai ya tambaya. Wannan kiran nake so ku tuna min da shi, don ni na manta da shi lokacin da ya kamata in tuna.

Da wasa abin ya fara. Abokai suka ce ba zan iya ruɗar Sale mai tsire ba. Na koma bayan shago na kira shi, na yi tarin, na ce yarana na nan zuwa, a ba su nama. Sale ya naɗe mana tsire har da ƙarin albasa, yana ta sa wa Baba albarka. Muka ci, muka yi dariya har da hawaye. Ban ji na yi sata ba. Na ji ni gwani ne.

Bayan tsire sai katin waya. Bayan kati sai man babur. Kowane mataki ina ce wa kaina ai Baba da ya sani dariya zai yi. Daga nan na gano abin da ya fi tsire tsada a yankinmu, wato aikin gwamnati. Kowane gida akwai yaron da ya gama karatu yana zaune yana gadin takardunsa. Na sayi sabon layi, na koyi tashi da asuba, ni da ladan ya gaji da ni. Ba don salla ba, don in kira iyaye a daidai lokacin da Baba ke kira. In ce an ba ni gurbi a wata ma'aikata, na tuna da ɗanku, sai dai akwai ɗan abin da za a ba masu shigar da suna, kuma kar a faɗa wa kowa saboda mahassada. Ba wanda ya taɓa musa min. Wasu har kuka suke yi don murna, ni kuma ina kwance ina sosa ciki.

Na sayar da babur, na sayi manyan kaya. Ina tafe turarena na riga ni isa da kwana guda.

Cikin waɗanda na kira akwai Mama Rifkatu, mai injin niƙa a Garaku. Ɗanta Yohanna ya gama karatu ya rasa aiki. Ta sayar da injin, abin da ke ciyar da gidan, ta turo. Ta jira, ta jira, layin ya mutu. Ana nan mijinta ya rasu. Labari ya kai wa Baba, ya yi abin da ya saba, ya kira ta da safe. Ya yi tarin, ya ce, "Ni ne, bawanku."

Matar nan ta buɗe wayar yadda duk masu zaman makoki za su ji, ta wanke shi tas. Ta ce masa ɓarawo mai furfura, ta ce ya ci injinta yanzu ya dawo cin gawar mijinta. Aka ce Baba bai katse ba, ya saurara har ta gama. Sannan ya sa aka kai shi Garaku a ranar, ya zauna a tabarma, ya ji komai. 'Yan sanda ba su sha wahalar bincike ba. Shi ya ce musu, "Mutum ɗaya ne ya san inda nake jan tarin."

Ya zo caji-ofis ya same ni a bayan kanta, ba riga. Na ɗauka zai zage ni, na ma shirya kuka. Sai ya ja kujera ya ce, "Kaset, yi min ni."

Na buɗe baki, ko iska ba ta fito ba.

Ya ce, "Da kuɗi ka nema, da na ba ka ko na hana ka. Safiyata ka ɗauke." Ya tashi ya fita. Maganarsa ta ƙarshe ke nan da na ji.

A kotu mutanen da na cuta suka cika benci har waje. Alƙali ya yanke min shekaru, aka wuce da ni gidan yari. Ba zan cika ku da labarin can ba. Waken gidan in ka jefi mutum da shi sai a ƙara maka laifin kisa. Amma ba wake ne ya fi ci min rai ba, labarin da ke shigowa ne. Aka ce Baba ya ci gaba da kira, mutane na kashe masa waya. Wasu su ce, "In kai ne, faɗi sunan kakata." Wani ya ce masa, "Kaset, har an sako ka?" Dattijon da gari ke jiran kiransa ya koma yana rantsuwa cewa shi ne shi. Daga baya ya daina. Da zaɓe ya zo, wani yaro mai manyan motoci ya kayar da shi. Masana siyasa sun kawo dalilai buhu-buhu, tsufa ne, jam'iyya ce, hanyar agwagin nan ce. Wataƙila. Ni dai na san wanda ya yanke wayar.

A can na koyi tashi da asuba don abin da aka yi asuba dominsa. Na tuba, kuma na rantse in na fita sai na ji "na yafe" daga bakin mutum biyu.

Da aka sake ni, Garaku na fara zuwa. Mama Rifkatu na zaune tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na fara bayani. Ta ce, "Tsaya. Wannan muryar taka ce, ko ta aro?" Na ce tawa ce, Mama. Ta ce, "Ashe ba daɗi. Shi ya sa kake satar ta mutane." Ta sa na ɓare gyaɗar nan har yatsuna suka yi ƙanta, da yamma ta ce ta bar ni da Allah, ta kuma yafe. Har ruwa ta ba ni.

Sai gidan Baba. Ƙofar da a da ba ka samun wurin ajiye takalmi, na tarar da kaji na kiwo. 'Yarsa, Hajiya Binta, ta ce in shigo. Ashe ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya tafi da maganarsa. Yana kan keken marasa lafiya, an sa masa hula tsaf, ga waya a cinyarsa. Hajiya ta ce in aka ɗauke ta ba ya yarda ya ci abinci.

Na faɗi a gabansa na ce, "Ranka ya daɗe, Kaset ne. Ka yafe min."

Ya dube ni. Ya gane ni, wannan na tabbata. Bakinsa ya motsa, ya sake motsawa, ba abin da ya fito. Na juya na ce, "Hajiya, me ya ce?"

Ta ce, "Ban sani ba. Kuma ba zan sa masa magana a baki ba. Wanda ka yi ya isa."

Yanzu gyaran babur nake yi a bakin hanyar Nasarawa. Duk Juma'a nakan je in tura kekensa zuwa inuwar mangwaro, in ba shi labarin gari da muryata marar daɗi. Wani lokaci yana riƙe hannuna, wani lokaci yana kau da kai. Ban san wanne ne amsar ba.

Samari, in Allah ya ba ku baiwa, ku duba da kyau ranar da ta fara kawo muku abin da ba ku biya ba. Ranar tsire ce ranar da ya kamata in ji tsoro, ba ranar kotu ba. Kuma in babba ya sake da ku har yana dariya da ku, kar ku mai da wannan sakewar jari. Wanda aka sace wa kaya yana iya sayen wani. Ni yardar da mutane suka yi wa dattijo na sace, kuma na nemi inda ake mayar da ita ban samu ba.

Muryar tana nan a maƙogwarona, ba ta tsufa ba, ba ta shanye ba. Duk Keffi ni kaɗai na rage da zan iya cewa "Kaset, na yafe maka" da muryar Baba, har da tarin, a ja shi yadda ya koya min. Na taɓa gwadawa sau ɗaya, ni kaɗai a ɗaki. Ta fito daidai, ko 'yarsa ba za ta bambance ba. Na ruɗi gari guda da muryar nan, amma ranar ta kasa ruɗata.

Har yau da asuba nakan ajiye wayata kusa da dardumar salla, a kunne.